Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Ganin Launi?

Ƴan'uwa ɗalibai, tun da aka kawo shawarar a sa wani zanen Bafaranshe a bangon wannan ɗan littafi namu, gardama ta ƙi ƙarewa a fada. Zanen faɗuwar rana ne a bakin teku, wanda Georges Seurat ya yi a 1886 a garin Honfleur na arewacin Faransa, inda kogin Seine yake shiga teku. An dai fasa sa shi, kuma dalilin fasawar mai kyau ne: injin fotokopi baƙi da fari kawai ya sani, in ya haɗiye zanen, tabon toka zai amayo mana. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da ya tsaya mini a wuya maganganu biyu ne da suka fito cikin gardamar.

Ta farko daga bakin masu zafin kishi: "Mi ya haɗa mu da teku? Mu da ko gulbinmu sai da damina yake ruwa? Wanga abin Nasara ne, a bar musu kayansu." Ta biyu kuwa daga ƴan gayun amfi, masu rataya jaka a kafaɗa ɗaya: "Ai irin wanga tablo ba a bayaninshi da Hausa. Hausa launi ukku gare ta, hwari da baƙi da ja. In za a yi maganar kuler sai a koma Faransanci." Aka yi ta musu kamar za a doku, shayi ya huce a kofi, alhali jirgi ɗaya ya kwaso su duka. Na farko ya ce kada Bahaushe ya duba. Na biyu ya ce ko ya duba ba ya da bakin faɗin abin da ya gani. Ko ta ina aka bi, an bar mai Hausa tsaye a ƙofar zaure. Ni kam, da yake ilimin harsuna nake karantawa, ta biyun ta fi ƙona mini rai, don ita ce ta zo sanye da rigar ilimi. A kanta zan fi daɗewa.

Amma tukuna, a ciro waya a nemo zanen, kada mu yi ta yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba. A rubuta sunan mai zanen da sunan garin, zai fito. Ainihinsa yana rataye a gidan adana zane-zanen zamani na birnin Niyu Yok a Amurka. Ƙarami ne, faɗinsa wajen santimita 81, tsayinsa wajen 65, bai kai tabarmar salla ba.

Ga abin da ke ciki. Sama ta cinye fiye da rabin wurin. Ranar kanta ba a ganinta, haskenta ne ya rage, fatsi-fatsi, tsakanin ruwan madara da ruwan ɗorawar da ta koɗe. Gizagizai sun miƙe a kwance, dogaye sirara, kamar zaren da aka shanya a marina, cikinsu shunayya-shunayya, gefensu na neman ruwan hoda. Ƙarƙashinsu teku ta kwanta luf, ba igiya ba kumfa, launinta ya kusa narkewa cikin na sama. Daga hagu gaɓa ta gangaro da tsanwa mai duhu, ga wasu turakun itace an kafa su a jere suna nufar ruwa, irin na karya ƙarfin igiyar teku. Can ƙasa wajen dama, dutse guda, baƙi-baƙi, shi kaɗai a kan yashi. Babu mutum, babu dabba, don haka wanda ke shirin ɗauko zancen zana abu mai rai sai ya adana shi zuwa wata rana.

To, na faɗa. Kalma nawa na aro daga Faransanci?

Yanzu a buɗe hoton da yatsu biyu, a matso da shi sosai. Teku za ta ɓace, sama za ta ɓace, sai ɗigo-ɗigo kawai, dubbai, launi sama da ashirin, kowane ɗigo zaune kusa da ɗan'uwansa ba su cuɗu ba. Har katakon da ya kewaye zanen, daga baya Seurat ya bi shi da ɗigo. Mai zane na yau da kullum yakan cuɗa fentinsa a kan allo kafin ya shafa. Shi kuwa wannan sai ya ƙi cuɗawa, ya jera launuka tsurarsu, ya bar wa idon mai kallo aikin gauraya su idan ya ja da baya. Faransawa suka raɗa wa salon suna daga kalmarsu ta ɗigo. Abokin tafiyarsa Paul Signac bai so sunan ba, ya fi son a ce rarraba launi, don a wurinsa ɗigon hanya ce kawai. Ni dai zan ce zanen ɗige-ɗige, abin da ido ke yi kuma in kira shi gaurayar ido. Wanda ke shakkar ido yana wannan aiki, ya buɗe farin shafi a wayarsa ya ɗiga ɗan ruwa a kan gilashin. Cikin ɗigon ruwan zai ga farin nan ya tarwatse ya zama ƙananan fitilu ja da tsanwa da shuɗi. Duk hoton budurwa da kake kallo da dare a Facebook, malam, ɗige-ɗige ne.

Daga ina Seurat ya samo wannan tunani? Nan ne nake son masu cewa "abin Nasara ne" su kasa kunne. Daga marina ya samo shi. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris, inda ake saƙa manyan kilisai na ado. Sarkin marina ke nan, in da a garinmu ne. Aka riƙa kawo masa ƙorafi wai baƙin zarensu bai kama ba. Ya bincika ya tarar rinin lafiya lau yake. Matsalar maƙwabtaka ce: baƙin da aka ajiye kusa da shuɗi ko shunayya ba ya yi wa ido kama da baƙin da aka ajiye kusa da wani launi daban. Kowane launi yana taɓa maƙwabcinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan haka, kuma daga wannan bincike da na waɗanda suka biyo bayansa Seurat ya ɗora gininsa. Ilimin da ke ƙarƙashin zanen nan, ashe, daga ƙorafin masaƙa a kan marina ya tsiro.

Mu kuma ba mu da masaƙa? Ba mu da marina? Ku tuna saƙi, tufar nan da ake saƙawa da zaren da ya sha baba, a ratsa shi da siririn fari. Riƙe shi a hannu, ƙananan gidaje ne na baƙi da fari. Hango dattijo sanye da shi daga nesa a filin idi, wani launi za ka gani na daban, mai kama da gashin zabo, wanda babu zare ko ɗaya a jikin rigar da ke da shi. Idonka ne ya haɗa shi. Haka hular da aka yi wa ɗinkin hannu, haka faifai da tabarmar kaba da za ka tarar an baje a kasuwar Tibiri ko ta Jiratawa ranar da take ci. Ban ce masaƙinmu ya karanta Chevreul ba, ban kuma ce Seurat ya saci saƙi ba. Irin wannan cika baki na "ai mu muka fara" shi ma wata lalaci ce. Abin da nake cewa, matsala ɗaya suka tarar, kowa ya warware ta da kayan hannunsa. Kuma muna da bakin faɗinta. Ku bi iyayenmu mata layin ƴan atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ku ji yadda ake zaɓen kallabi: "wanga bai hau ba", "wancan ya kashe zanen", "wanga ya hiddo shi". Launi ya hau, launi ya kashe, launi ya fito da ɗan'uwansa. Abin da aka cika littafi da shi a 1839 ke nan, a bakin Inna, tana taya farashi.

Sai mu zo ga tatsuniyar launi uku. Na san inda aka tsinto ta. A 1969 wasu masana biyu na Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka fitar da littafi a kan abin da suka kira kalmomin launi na tushe. Suka ce harsunan duniya suna da irin waɗannan kalmomi daga biyu zuwa goma sha ɗaya, kuma akwai tsarin da suke bi wajen ƙaruwa: fari da baƙi tukuna, sannan ja, sannan sauran. Sun kafa sharuɗɗa masu tsauri kafin kalma ta shiga lissafinsu, misali ta zama kalma guda, kada kuma ta zama sunan wani abu ne aka aro. Har yau masana na jayayya a kan wannan aiki. Amma ko su da kansu ba su ce mai ƙarancin kalmomin tushe idonsa ba ya gani ba, ko bakinsa ba ya iya bayani. Ɗan gayunmu ya ji rabin zance a darasi ya fito da shi fada yana taƙama. Ko a ma'aunin nasu ma, ina ya kai shuɗi, da kore ko tsanwa, da rawaya?

Zai ce, to ai sauran duk "ruwan kaza" ne: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan ƙwai, ruwan lemo, ruwan bula, ruwan makuba. Wai wannan alamar talauci ce, harshe na bara a wurin abubuwa. Madalla. Mu buɗe jakar Faransancin da yake taƙama da shi. Kalmarsu ta ruwan lemo, orange, sunan ɗan itace ne, kuma ta ratso ta Larabci da Farisanci kafin ta iso gare su. Marron sunan wani ɗan itace ne da suke gasawa. Rose fure ne, violet fure ne. Turquoise dutse ne da suka jingina wa Turkawa. Azur ta bi ta Larabci daga Farisanci. Kai, har bleu da blanc da gris, shuɗi da fari da ruwan toka, daga harsunan Jamusawan da suka aro su. Bafaranshe ya kira launi da sunan ɗan itacen garinsu an ce wayewa, Bahaushe ya kira shi da sunan goro an ce talauci. Wane irin awo ne wannan? Bambancin kawai, su sun daɗe da mance asalin kalmominsu, mu kuwa namu na nan a fili, kana faɗin ruwan ɗorawa kana jin garin a harshenka. Kuma ƙofar a buɗe take, kullum ana ƙari: da aka kawo garin sabulu muka sami ruwan omo, ba wanda ya kira taro.

Akwai kuma abin da muke da shi wanda Faransanci sai ya yi kewaye kafin ya faɗa. In launi ya cika ya batse, kowanne da tasa kalmar ƙarfafawa: fari fat, fari tas, fari sol, baƙi ƙirin, baƙi wuluk, baƙi siɗik, ja wur, ja zur, kore shar. Ba a musanya su. Ka ce "fari ƙirin" yaro ma zai yi maka dariya. In kuma launin bai nuna ba, sai mu ninka kalmar ta yi sanyi: jaja-jaja, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Matakai uku ke nan a kan launi guda, cikin nahawu, ba tare da aro ba. Na fata muna da wankan tarwaɗa. Na abu mai tabo muna da roɗi-roɗi da dabbare-dabbare. Je ka Tibiri ranar hawan salla, ka tsaya kusa da wani tsohon da ya san dawaki a ƙofar fadar Sarkin Gobir, ka ce masa "wancan farin doki" ka ga kallon da zai yi maka. Akwai kili, akwai hurde, akwai gunya, akwai bidi, akwai danda, akwai akawal, akwai bikili. Mu ƴan lakwal ne ba mu san su ba. Jahilcinmu muka ɗauka muka rataya wa harshe.

(Tun da ana maganar ɗigo, bari in ɗan ratse. Mu ne ya kamata mu fi kowa girmama ƙaramar alama. Wanda ya yi makarantar allo ya san ɗigo ne ke raba ba da ta, kuma a rubutunmu na warshu fa ɗigonta guda a ƙasa yake, ƙaf nata guda a sama. A boko ma ɗan ƙugiya ne ke raba bakin teku da baƙin teku. Amma dubi saƙonninmu na waya, duk mun yashe ƙugiyoyin, sannan mu zo muna kukan Hausa ba ta da daidaito.)

Faɗuwar rana fa? A nan ne maganar ɗan gayu ta fi ba ni dariya, don da wuya a sami al'ummar da ke sa wa yammacin sama ido kamar tamu. Tun kafin agogo ya zo, da launin sama ake salla. Malaman zaure sun koya mana cewa zaɓaɓɓen lokacin la'asar yana ƙarewa da fatsi-fatsin rana, magariba na shiga in ta faɗi, lisha kuma sai shafaƙi ya ɓace, wato jan nan da ke saura a yamma bayan rana ta nutse. Yana cikin Risala, ana karanta shi da fassarar Hausa a zaurukan Mokoyo da Bagalam da Ɗan Gulbi. Ladan da ke tsaye yana jiran ja ya gushe, aikin bambance launi yake yi, kuma kuskurensa ya fi na mai zane tsada. Muna da la'asar sakaliya, muna da almuru. Seurat ya kwashe bazarar 1886 a bakin ruwa yana ƙoƙarin kama wannan ɗan tsakanin, rana ta tafi dare bai zo ba. Mu mun ba shi suna tun tuni.

Wani abu kuma. An ce wani mai sharhi na zamanin ya kwatanta hasken zane-zanen Honfleur da ƙura mai ruwan toka, kamar iskar cike take da wani gari da ido ke iya gani. Bafaranshe sai ya yi tunani kafin ya gane wannan. Ɗan Maraɗi kuwa hazo ne, yana shaƙarsa daga Disamba zuwa Fabrairu. Dalilin da ya sa rana ke ja in za ta faɗi sananne ne tun bayanin da Rayleigh ya yi a 1871: in ta yi ƙasa, haskenta na ratsa iska mai nisa kafin ya iso ido, iskar na warwatsa shuɗin da ke cikinsa a hanya, ja da ruwan lemo su iso. Amma da hunturu, in iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ƙwayoyin ƙurar sun fi girma, ba sa zaɓe, kusan duk launuka suke warwatsawa daidai. Shi ya sa ranar hunturu ke dushewa ta koma kamar faifan azurfa, ka dube ta ido da ido ba ta kashe ka ba, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Sama mai gari-gari da Seurat ya sha wahalar ƙirƙira da tsinin buroshi, mu a ƙarƙashinta muka girma. Wa ya fi cancanta ya yi sharhin wannan zane?

Na dawo gare ku, masu kishi. Fushinku na da tushe, ban raina shi ba. A 1899, shekarar da Signac ya buga littafinsa na kare wannan salon zane a Paris, a shekarar ce rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, har ta zo ta watse a wajen Ɗankori da Maijirgi, nan cikin jiharmu. Kuma arzikin da ya ba Paris sukunin zama ta yi gardamar launi, akwai gumin ƙasashen da aka mallaka a cikinsa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ku gaya mini abin da ƙin kallon zanen zai rage wa Faransa. Seurat ya mutu a 1891 yana da shekara 31, shekara takwas kafin Voulet ya tako ƙasarmu. Félix Fénéon, mai sharhin da ya raɗa wa ƙungiyarsu suna a 1886, gwamnatin Faransa da kanta ta gurfanar da shi gaban kotu a 1894 bisa zargin yana cikin masu neman rushe hukuma. Ba waliyyai nake mayar da su ba. Ina dai cewa wanda ya ce "ba namu ba ne" ya juya baya, kyauta ya bar wa wancan ɗan gayun filin, shi kaɗai zai yi ta fassara mana duniya da harshen da ya ga dama. Zancen teku kuwa, ku bari. Garin da alhazansa suka yi arziki da kayan da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Legas ba zai ce teku ba ta shafe shi ba. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kowane gida ya ji a tukunyarsa.

Ɗaliban zane na kwalejin Zariya sun fuskanci irin wannan tambaya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su jefar da buroshin Bature ba, ba su kuma zauna suna kwaikwayonsa ba. Sun koyi dabarar, suka koma gida suka ɗebo zanen gargajiyarsu suka haɗa. Sa'o'inmu ne a lokacin.

Kada kuma ɗan gayu ya ɗauka na zo taya shi sujada ga zanen. Shi ma bai kalle shi ba, sunan kawai yake so a ji a bakinsa. Da ya kalla da ya ga inda lissafin Seurat bai fita ba. Fatan da aka yi shi ne gaurayar ido za ta ba da launi mai haske fiye da cuɗa fenti. A aikace, in ka jera ɗigon launuka masu kishi da juna ka ja da baya, sau da yawa ba sa ƙara haske, kashe juna suke su koma toka-toka. Ɗigon shuɗi da na rawaya ba sa ba ido tsanwa shar irin wadda cuɗa su ke bayarwa. Wannan ƙurar da mai sharhi ya gani, wani ɓangarenta daga nan take. A babban zanensa na mutane masu shan iska a tsibirin Grande Jatte, wanda ya yi tsakanin 1884 da 1886 kuma yake Shikago yanzu, wani rawayan fenti da ya yi amfani da shi bai daɗe ba ya rine ya koma ruwan ƙasa. A ganina kyan zanen Honfleur daga wannan rashin cikar ya fito. Ɗigon ba su gama narkewa ba, ido na ta kai da kawo tsakanin ganin teku da ganin ɗigo, sai hoton ya riƙa rawa kaɗan-kaɗan kamar iskar da ke tashi a kan kwalta da azahar. Kana iya ƙin yarda da ni. Kana iya cewa zanen ya yi sanyi da yawa, babu rai, kamar wanda aka auna da ma'auni. An faɗi haka tun a zamaninsa. To mu yi wannan gardamar, da Hausa, a kan abin da ke cikin zanen.

Me ya sa na ɗauki abin da zafi haka, a kan hoton da ko bugawa ba mu yi ba? Domin a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Mun yi murna, mun yi ta turawa a WhatsApp. Ƴan'uwanmu Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari suna kallo, wasunsu da tambayoyi masu nauyi da ya kamata a saurara. Amma tambayar da ta fi kusa da mu ita ce wannan: harshen ƙasa na yin me? In gaisuwa da kirari da wa'azi da cinikin tumatir kawai za mu yi da shi, da zarar zance ya kai ga haske ko sinadari ko zane sai mu sauya harshe kamar mai sauya riga zai shiga buro, to takarda ce kawai aka sa wa hannu. Doka ba ta ƙirƙiro kalma. Mutane ne ke zama su yi ta fama da abu mai wuya har harshe ya saba da shi. Faransancin da ake sharhin zane da shi ba daga sama ya faɗo ba, rubutu aka yi ta yi, ana aro ana ƙira ana faɗa a jaridu. Kuma abin gwaji mai kyau shi ne wanda ya yi nisa da mu. Bayanin tuwo da Hausa ba ya nuna komai. Bayanin maraicen wata gaɓar teku da ba mu taɓa takawa ba, shi ne zai nuna inda muke da ƙarfi da inda muke da giɓi.

Giɓin kuwa akwai shi. Ba mu da kalmomin da aka yi ittifaƙi a kansu na bambance abubuwa uku da masu zane ke rarrabewa: wane launi ne, yaya haskensa ko duhunsa, yaya kaurinsa ko koɗewarsa. A sama na ce launuka masu kishi da juna, ina nufin irin ja da tsanwa, ko shuɗi da ruwan lemo, waɗanda in suna maƙwabtaka kowanne ke ƙara fito da ɗan'uwansa, in an gauraya su kuma su kashe juna. Kishiyar launi: ni ta yi mini, wata ƴar'uwa a fada ta ce ba ta son ta, kuma tana da hujjarta. Sai a kawo wata. Abin da ba zan karɓa ba shi ne mu zauna a Yamai ko a amfi mu ƙirƙiro kalmomi daga ƙamus ɗin Faransanci alhali masu su na raye. Marina na nan. Dukawa da majema na nan, waɗanda ke jeme fatar jar akuyar Maraɗi da bagaruwa, su rina ta ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Su suka san abin da ake cewa in rini ya kama, in ya wuce, in ya yi rabi. Yawancinsu tsofaffi ne, ƴaƴansu kuma kabu-kabu suke yi.

Don haka ga abin da nake nema a fitowa ta gaba. Duk mai hali ya ɗauki kaye da bik, bayan la'asar ya fita. Wani ya tsaya a bakin gulbi, wani ya shiga lambunan Jiratawa inda ruwan ban-ruwa ke kwance tsakanin zogale, mai kuɗin mai ya ƙarasa tafkin Madarunfa, inda ruwa ke da faɗin da zai ɗauki hoton sama. A zauna daga fatsi-fatsin rana har shafaƙi ya ɓace, a tashi a yi salla a dawo, a rubuto shafi guda na abin da aka gani, ba kalmar Faransanci ko ɗaya. Inda aka rasa kalma a bar gurbi a ja layi, kada a cike da kame-kame, don guraben nan su muka fi bukata. Sannan a ɗauki guraben a kai wa tsofaffin gida da masu sana'a. Kalmar da aka samo a rubuta ta da ƙugiyoyinta da karin sautinta, a faɗi garin da aka ji ta da sana'ar wanda ya faɗe ta, don mai yiwuwa ne abin da Bagobirin Tibiri zai ce ya bambanta da na Bakatsinen Maraɗi, kuma duka biyun muna so.